Tambaya: za mu kai surukaina Jamus neman asalinsu, daga ina za mu fara?

Baban Hanifa, Milwaukee

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar mazauna Jamus, ko duk wanda ya taɓa bin diddigin salsalar wani gida a can, a kan wani nauyi da surukaina suka ɗora mini. Maiɗakina Ba'amurkiya ce 'yar jihar Wisconsin, kuma kamar mutane da dama a wannan jiha, asalin gidansu Jamusawa ne. A taron zumuncin da suke yi kowace shekara an tsayar da magana cewa na baɗi a Jamus za a yi shi, domin a kai kakarta, mai shekara 84, ta ga ƙasar da nata kakan ya baro a 1881. Mutum goma sha huɗu ne suka ba da suna, kuma da yake sun lura ba na gajiya da lissafin wane ya haifi wane, sai aka ce ni zan tsara tafiyar. Na amsa nan take, don ba a musu da suruka, sai daga baya na gane girman kayan da na ɗauka.

Abin da ke hannunmu bai taka kara ya karya ba. Akwai takardar shaidar rasuwar tsohon, wadda a gurbin wurin haihuwa aka rubuta kalma ɗaya tak, "Prussia". Akwai akwatin katako mai ƙarfe a kusurwoyi, wanda aka ce da shi ya tsallako teku, yanzu barguna ake ajiyewa a ciki. Sai kuma Littafi Mai Tsarki na Jamusanci, da rubutun hannu layi bakwai a shafin farko, haruffa masu tsini kamar haƙoran zarto, waɗanda ko maƙwabcinmu da ya yi shekaru yana koyar da Jamusanci bai fitar da komai daga ciki ba sai lambobin shekaru. Wani kamfanin yawon buɗe ido ya kawo mana tsarin kwana goma, da birnin Munich, da tsofaffin fadojin sarakuna, da yawo a kogin Rhine, amma da na tambaye su ko ɗaya daga cikin wuraren nan yana da alaƙa da tsohon, sai suka ce ai duk Jamus ce.

Shin akwai wani babban ofishi a Berlin da za mu kai sunansa a duba mana? Ya fi kyau mu sayi tikiti mu yi binciken idan mun isa, ko mu fara daga nan? Sannan ni fasfon Najeriya gare ni, ko da yake ina da izinin zama na dindindin a Amurka.

Malamin Hamburg

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarata ita ce kada ku saki ko kwabo kafin ku san sunan ƙauyen, domin Jamus ba ta da wata babbar rajista guda ɗaya ta mutanen wancan zamani. Kowane gari da kowace coci su ne suka riƙe nasu littattafan, saboda haka wanda ya je Berlin da suna da shekara kawai zai dawo kamar yadda ya tafi. Kalmar "Prussia" kuma ba za ta kai ku ko'ina ba, don a 1881 wannan masarauta ta miƙa tun daga yankin Rhine a yamma har bakin iyakar Rasha a gabas. Daidai yake da a ce maka kakan wani mutumin Arewa ne, a ce ka je ka nuna gidansu. Birnin Munich kuwa a Bavaria yake, wadda a lokacin masarauta ce dabam da sarkinta, ko da yake duk sun shiga tarayyar da aka kafa a 1871.

Sunan ƙauyen ya fi yiwuwa yana nan kusa da ku a Wisconsin. Ku nemi cocin da tsohon ya yi ibada, musamman idan ta mabiya Luther ce, domin fastocin wancan lokaci Jamusawa ne, kuma sau da yawa idan sun ɗaura aure ko sun binne mutum sukan rubuta ƙauyen da aka haife shi da gundumarsa. Ku duba sanarwar rasuwa a jaridun Jamusanci da ake bugawa a Milwaukee a wancan zamani. Takardar zama ɗan ƙasa ba na sa mata rai sosai, sai fa idan bayan 1906 ya karɓe ta, don kafin nan galibi sunan sarkin da mutum ya fita daga ƙarƙashinsa kawai ake rubutawa.

Bayan haka sai batun jirgi, kuma a nan sa'a take aiki. Idan ta Hamburg ya fita, jerin sunayen fasinjoji na shekarun 1850 zuwa 1934 yana nan, ɗauke da mutum kusan miliyan biyar, kuma babban amfaninsa shi ne an rubuta garin da kowa ya baro. Jerin iri biyu ne, na waɗanda suka tafi kai tsaye da na waɗanda suka bi ta Ingila suka sauya jirgi, don haka a duba duka biyun. Idan kuwa ta Bremen ya fita, to sai haƙuri, domin tun 1875 hukuma ta fara lalata tsofaffin jerin saboda ƙarancin wurin ajiya, yaƙin duniya na biyu ya cinye mafi yawan ragowar, abin da ya tsira galibi na 1920 zuwa 1939 ne.

Idan an samu ƙauyen, ku sani cewa rajistar haihuwa ta gwamnati, wadda ofishin Standesamt yake riƙewa, ta fara a Prussia a watan Oktoba na 1874, a duk ƙasar kuma a farkon 1876. Mutumin da ya yi ƙaura yana saurayi a 1881 an haife shi kafin nan, saboda haka littafin baftisma na coci ne madogararku. An ɗauki hotunan irin waɗannan littattafai da yawa an sa a intanet: na 'yan Furotesta a Archion, wanda ake biya, na 'yan Katolika kuma a Matricula, kyauta.

Rubutun da ya gagari maƙwabcinku sunansa Kurrent, kuma ba laifinsa ba ne, don an daina koyar da irin wannan hannu a makarantu tun 1941, har yawancin Jamusawan yau ba sa iya karanta wasiƙun kakanninsu. Ni kaina wata uku na yi kafin na daina ruɗa harafin "e" da "n". Ka ɗauki hoton shafin da hasken rana, ba da fitilar waya ba, ka aiko mini in gwada. Ka kuma yi hattara da sunaye: a gida ɗaya za ka iske 'yan'uwa uku kowanne Johann ne a farko, suna na biyu ko na uku shi ne wanda ake kiran mutum da shi, kuma a Amurka Müller yakan koma Miller, Schmidt ya koma Smith.

Maman Sadik, Bremen

Malam ya gama magana a kan takardu, ni zan ƙara abin da idona ya gani. Na taɓa raka wata ƙawata Ba'amurkiya wani ƙauye neman kabarin kakanninta. Ta zo da furanni tun daga tashar jirgin ƙasa, muka bi maƙabartar layi-layi, ko'ina a share tas, an dasa furanni, ga butocin ban ruwa a rataye a jikin ƙarfe, amma babu ko dutse ɗaya da ya haura shekara hamsin. Wata dattijuwa da take gyara kabarin mijinta ce ta fahimtar da mu cewa a Jamus hayar kabari ake yi, yawanci na shekara ashirin zuwa talatin, idan wa'adin ya cika ba a sabunta ba sai a ɗauke dutsen a ba wani wurin. Ƙawata ta zauna a kan benci ta yi kuka. Ina roƙonka ka shaida wa tsohuwar wannan tun kuna gida, cikin hikima, kada ta ji shi a bakin maƙabarta. Inda ake yawan samun sunan gida shi ne a dutsen tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918, wanda kusan kowane ƙauye yana da shi kusa da coci.

A ranar ma mun tarar da ofishin cocin a rufe, domin sa'o'i kaɗan yake buɗewa a mako, ita cocin kuma a kulle. Mutanen nan ba a yi musu dirar mikiya. Ku rubuta wasiƙa da Jamusanci wata biyu ko uku kafin zuwanku, zuwa ga ofishin coci da kuma ƙungiyar masu kishin tarihin gari, wadda suke kira Heimatverein. Galibi tsofaffin malaman makaranta ne da suka yi ritaya, kuma idan an girmama su da sanarwa, za ka sha mamakin yadda za su fito da taswira su nuna maka inda gidan yake, har a haɗa da kofi da kek. Amma kada mutum goma sha huɗu su tsaya a ƙofar gidan wani suna ɗaukar hoto ba tare da izini ba.

Ko ta wace tasha ya fita, ku sa Bremerhaven a cikin tsarinku. Mutum fiye da miliyan bakwai ne suka bar Turai ta wannan tasha, kuma gidan tarihin masu ƙaura da aka buɗe a 2005 yana ba kowane baƙo kati mai ɗauke da labarin wani da ya yi tafiyar, ya bi shi tun daga bakin ruwa har cikin ɗakunan kwana na talakawan fasinjoji, masu gadaje a kan juna. Batun biza kuwa, su Amurkawa ba sa bukata idan zaman bai wuce kwana 90 ba, amma kai izinin zamanka na Amurka ba zai ɗauke maka bizar Schengen ba, wato bizar bai ɗaya ta shiga Jamus da yawancin ƙasashen Turai, don haka ka nemi ranar ganawa da wuri.

Dattijon Garwa

Ban ƙi maganar Malam ba, amma ina jin tsoron a biye wa takardu har lokaci ya ƙure. Baiwar Allah mai shekara 84 ba a ce mata ta jira sai an gama bincike, don irin wannan bincike wani lokaci shekara biyar yake ci, wani lokaci ma ba ya ƙarewa. Mu nan arewacin Kamaru Jamusawa sun mulke mu har lokacin yaƙin duniya na farko, kuma na san masu neman labarin kakanninsu na wancan zamani da suka tsufa suna jiran amsar wasiƙa. Ɗana, ka tsayar da ranar tafiya yanzu, ka ba binciken wata huɗu. In an samu ƙauyen, madalla. In ba a samu ba, ku kai ta bakin ruwan da mutanenta suka shiga jirgi, ga jikoki da tattaɓa kunne kewaye da ita. Ka kuma rage yawan garuruwa, domin jikin tsufa ba ya son sauya masauki kowace rana.

Baban Hanifa, Milwaukee

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Baba, na bi shawararka, mun tsayar da watan Yuni. Malam, na kuma bi taka: cocin tana nan a wani ƙaramin gari arewa da mu, kuma sakatariyar ta fito mana da littafin aure daga cikin wani kabad na ƙarfe, bangonsa ya fara ɓarewa. A layin auren tsohon, shekarar 1884, faston ya rubuta sunan ƙauye, sannan "Kreis Naugard, Pommern", wato gundumar Naugard a lardin Pommern. Wannan ya yi daidai da abin da ka karanta a layi na biyu na hoton da na aiko maka. Sai dai na duba taswirar Jamus daga sama har ƙasa ban ga Naugard ba.

Malamin Hamburg

Ba za ka gan shi a taswirar Jamus ba, ɗan'uwa, domin yanzu a Poland yake, sunansa Nowogard, arewa maso gabas da birnin Szczecin, wanda Jamusawa suke kira Stettin. Bayan 1945 gabashin Pommern ya koma hannun Poland, Jamusawan da ke zaune a can suka gudu ko aka kore su, aka sauya sunayen garuruwa da ƙauyuka. Ma'ana, kada ku sa ran samun dangi a ƙauyen, kuma idan ginin cocin ya tsira, mai yiwuwa 'yan Katolika ne suke ibada a ciki yau. Littattafan cocin yankin da yawa sun salwanta a ƙarshen yaƙin, waɗanda suka tsira kuma sun warwatsu tsakanin ma'ajiyar takardun gwamnati ta Szczecin, da ta Greifswald, da babbar ma'ajiyar cocin Furotesta a Berlin, saboda haka sai an tambayi kowacce.

Tsarin Munich dai ya faɗi. Ku sauka a Hamburg, ku yi kwana biyu, ku leƙa Bremerhaven, sannan ku wuce Berlin, daga can Szczecin ba ta da nisa, kuma bizar Schengen ɗinka ta isa, don Poland tana ciki. A Hamburg za a nuna muku gidan tarihi na BallinStadt, inda a da masaukan masu ƙaura da ke jiran jirgi suke, wanda ya cancanci ziyara, amma ka gaya wa surukanka gaskiya cewa a 1901 aka fara buɗe waɗannan masaukai, shekara ashirin bayan tafiyar kakansu, don haka bai kwana a ciki ba. Zan nemo maka sunan ƙauyen na yanzu da harshen Poland, kai kuma ka fara neman tafinta da mota daga Szczecin, sannan ka tambayi tsohuwar ko tana da fasfo mai rai.