Musayar Waƙa: Wa Ya Mallaki Ƙasar Da Rumfarmu Ke Kai?

Dattijon Zangon Agege:

Da sunan Allah na fara, ga 'yan'uwa ina miƙa gaisuwa,
Na Agege da Idi-Araba, da na Mile 12 masu kasuwa.

Kakanninmu cinikin goro ne ya sauke su a wannan zango,
Dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912, suka yi ta ƙaruwa.

A nan muka haifi 'ya'ya, muka ga jikoki, muka binne iyaye,
Amma har yau rumfar haya ce mafi yawanmu ke riƙewa.

Tumatir da albasa da shanun da birnin nan yake ci kullum
Ta hannunmu suke bi, kuɗin fili kuwa wani ne ke kwashewa.

A watan Mayun 2022 aka ba mutanen kasuwar Alaba Rago kwana 14
Su tattara kayansu su bar inda suka daɗe suna rayuwa.

Ina tambayar masu hankali, me za mu gina da hannunmu
Wanda katafila ba za ta taɓa shi ba a ranar rushewa?

Hajiya uwar adashi, Mile 12:

Baba, Allah ya ja da ranka, tambayarka ta iso gare mu,
Kuma mu mata mun daɗe da fara ba ta amsa a kasuwa.

Banki yana neman jingina, takardar fili ce abin da ya sani,
Adashi kuwa amana ce jinginarsa, ita muke ajiyewa.

Kowane mako ana zubi, wadda layi ya zo kanta ta kwasa,
Ta biya kuɗin makaranta, ta sayi injin markaɗe, ta samu tsayuwa.

Maƙwabtanmu Yarabawa da esusu, wato adashinsu, suka tashi 'ya'yansu,
To me zai hana ku maza ku bi sawun da muke takawa?

Malamin makaranta, Obalende:

Hajiya, Allah ya ƙara albarka, sai dai adashi yana da iyaka,
Yakan cika kwando da kaya, ƙasar da ke ƙarƙashin rumfa ba ya kaiwa.

Baƙar fatar Amurka sun sha wannan ɗaci bayan 1930,
Da aka ja wa unguwanninsu jan layi a taswira, rance ya daina shigowa.

A 1969, a jihar Jojiya, Charles Sherrod da matarsa Shirley da abokansu
Suka kafa New Communities, gonar da al'umma ce ke mallakewa.

Eka sama da 5,000 suka saya, ƙasar ta ƙungiya ce ɗungurungum,
Kusan yadda wakafi yake a wurinmu, wanda ba mai ikon sayarwa.

Lokacin da fari ya zo, ma'aikatar gona ta ja musu ƙafa kan rancen gaggawa,
Irin wanda farar fata ke samu, a 1985 gonar ta kai ga kuɓucewa.

Sai a 2009 aka yanke musu diyya bayan an tabbatar da wariya,
Amma tsarin da suka shuka ya riga ya bazu, birane na ɗaukowa.

A Boston, mazauna titin Dudley sun samu iko a 1988
Na karɓar kangwayen filayen unguwarsu don gidajen talakawa.

Iyali ya mallaki gidansa, ƙasar kuma haya ce ta shekara 99,
Saboda haka ko farashi ya yi tashin gwauron zabi, ba mai korewa.

Matashi ɗan Idi-Araba:

Malam, na karanta da ladabi, amma Ikko da nata dokokin,
Tun 1978 ƙasar jiha a hannun gwamna take, shi ke rarrabawa.

An rushe unguwar Maroko a 1990, Otodo Gbame ta bi ta a 2017,
A Otodo Gbame mutanen Egun masunta aka kora, ba su da alaƙa da Arewa.

Da aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida a Yunin 2022,
Babura aka niƙe, kuma ba a tambayi yaren mai tuƙawa.

Ni ina ganin ƙungiyar Hausawa zalla ƙarfinta kaɗan ne,
Domin cikin sauƙi za a ce baƙi ne, a nuna musu hanyar komawa.

Unguwarmu ta ga jini a Fabrairun 2002 tsakanin maƙwabta,
Talakan Bahaushe da talakan Bayarabe ne suka yi ta mutuwa.

Mu shiga ƙungiyar raya unguwa mai rajista a ƙaramar hukuma,
Mu zauna da Bayarabe da Ibo, kujera ɗaya, ƙuri'a ɗaya ga kowa.

Hajiya uwar adashi, Mile 12:

Ɗana, ka yi magana, Malam ma ya kawo abin dubawa,
Na yarda a ware wani kaso na kowane zubi don filin ginawa.

Sharaɗina shi ne mata su zauna a kwamitin da ke riƙe asusu,
A riƙa karanta lissafi a bainar jama'a, ba a ɗakin shugabanni a ɓoyewa.

Dattijon Zangon Agege:

'Yata, sharaɗinki ya karɓu, ni ma ga nawa a kan na yaron nan,
Kada a ba omo onile, 'yan ƙasa masu sayar da fili, ko sisi kafin lauya ya gama tantancewa.

Ya je Alausa, sakatariyar jiha, ya duba ko filin yana cikin wanda gwamnati ta riƙe,
Domin fili ɗaya a garin nan mutum uku ake sayarwa.

Malam ya rubuto mana tsarin mulkin ƙungiyar da Hausa da Yarabanci,
Ni zan kai wa Sarkin Hausawa da Baale, mai unguwar Yarabawa, bayan Juma'a mai zuwa.