Ya rubuta "na sake ki" a waya, ya goge kafin ta gani: saki ya auku?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum malamai. Miji ne ya tura wa matarsa "na sake ki" ta WhatsApp, ya goge kafin ta buɗe, yanzu yana cewa ai ba ta gani ba. Igiya ta tsinke ko tana nan? In da bai tura ba fa?

Almajirin Fiƙihu:
Wa alaikumus salam. Karantawar matar ba sharaɗi ba ce. A Malikiyya ana duba abin da ke ransa lokacin rubutun. In ya rubuta yana mai ƙudurta saki, ya auku da gama rubutawa, ko ya tura ko bai tura ba. In kuwa yana kai-kawo ne, da nufin sai ya yi shawara, to bai auku ba sai rubutun ya isa gare ta. Haka yake a Mukhtasar na Khalil, littafin fiƙihun Malikiyya. Saƙon da ya riga ya shiga wayarta kuwa ya isa, gogewa ba ta ɗaura igiyar da ta tsinke. Shafi'awa sun ɗauki rubutu a matsayin kinaya, wato abin da bai fito fili ba, sai da niyya.

Malama:
A ƙara da bambancin lafazi, don nan mutane suka fi ruɗewa. "Na sake ki" sarihi ne, wato lafazin da ya fito fili. Wanda ya furta shi da baki ba a tambayarsa niyya, ko da wasa ya yi. Hadisin Abu Dawud da Tirmizi ya ce abu uku gaskensu gaske ne, wasansu ma gaske ne: aure, saki da kome (mayar da matar da aka saka). Amma "tafi gidanku" kinaya ce. Sahabi Ka'abu ɗan Malik ya ce wa matarsa ta koma wurin danginta, bai nufi saki ba, kuma ba a ƙirga masa ba. Wanda ya raya saki a zuci kawai, bai furta ba bai rubuta ba, babu komai a kansa a wurin jumhur, wato mafi yawan malamai.

Ɗalibi:
Ɗan'uwa, kafin a yanke hukunci a tabbatar shi ya rubuta da hannunsa, ba wani ya ɗauki wayar ba. Sannan a tambaye shi na nawa ne. In na ɗaya ne ko na biyu, yana da damar kome matuƙar tana cikin idda: tsarki uku a Malikiyya, mai ciki kuma sai ta haihu. A ɗakinta za ta yi iddar, kamar yadda aya ta 1 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta umarta, ba a kwashe mata kaya ba.

Batun "fushi ne ya sa ni" kuwa, da wuya a ga mai saki yana dariya. Fushin da ake ɗauke wa hukunci shi ne wanda ya gusar da hankali har mutum bai san abin da ya faɗa ba. Wanda ya nemo lambarta, ya rubuta, ya danna turawa, zai sha wuyar kafa wannan hujja. In ya musanta niyya ita kuma ta ƙi yarda, su je gaban alƙali, shi ke da ikon rantsar da shi.