"Tun ran gini ran zane": to wai wace rana ce ran ginin ɗan Adam?

Maman Biyu:
Salam 'yan gida. Jiya na kai yarinyata awon nauyi, muna zaune a layi wata tsohuwa ta leƙo fuskarta ta tambayi watanninta, na ce 14, ta ce an haife ta ƙarama ko? na ce eh kilo 2.1, sai kawai ta girgiza kai ta ce ai tun ran gini ran zane. Wlh maganar nan ta tsaya min a wuya har dare. Wai nufinta shikenan an gama da yarinyar? Masana karin magana ku fassara min don Allah.

Malam Nahawu:
Wa alaikumus salam. Asalin maganar daga masu ginin tukwane take, wasu kuma su ce ginin bango, duk dai laka ce. Maginiya in ta gama ɗaga tukunya tana ɗanya take ɗaukar tsinke ta ja mata zane a wuya, in ta bari ta bushe aka gasa, ko da wuƙa ta karta sai dai ta fasa. Ana faɗinta ga wanda ya bar abu har lokacinsa ya wuce, ko a ja kunnen wanda bai riga ya makara ba. Amma a jefi uwa da ita tana riƙe da 'yarta a layin asibiti, gsky wannan ba muhallinta ba ne, baiwar Allahn nan ta yi kuskure.

Ɗan Boko:
Malam muhalli daban gaskiya daban fa. Ni a ganina binciken likitoci ma karin maganar ya bi. Akwai wani likita ɗan Ingila David Barker, a shekarun 1980 ya tono tsofaffin rajistocin haihuwa na yankin Hertfordshire inda aka rubuta nauyin jarirai, ya bi sawunsu, ya tarar waɗanda aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi mutuwa da ciwon zuciya da suka manyanta. Ga kuma yunwar da aka yi a Holan a hunturun 1944 zuwa 1945 da sojojin Jamus suka toshe hanyar abinci, 'yan watanni ne kawai, amma waɗanda suke cikin uwayensu a lokacin bayan shekara 50 aka ga sun fi samun matsalar suga da ta zuciya. In wannan ba zane ran gini ba ne to menene?

Anti Nas:
Ɗan Boko ka zo ka ƙara wa mai jego hawan jini 😂 Abin da ka faɗa haka yake amma ka bar rabi. Binciken nan magana yake a kan dubban mutane, cewa haɗarin ya ƙaru, ba wai an ce kowane jariri ɗan ƙasa da kilo 2.5 sai ya kamu ba, da yawansu har su tsufa lafiya lau. Maman Biyu kwantar da hankalinki ƙanwata, abin da muke kira kwana 1000 na farko daga shigar ciki yake farawa har yaro ya cika shekara 2, 'yarki tana wata 14, ko a lissafin Malam lakar ba ta bushe ba tukuna.

Inda na yarda da karin maganar ɗari bisa ɗari shi ne wajen folik asid, wato ƙwayar bitamin ɗin nan da ake ba masu ciki. Bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka ta gadon baya yana rufewa ne wajen kwana 28 da shigar ciki, lokacin mace da yawa ba ta ma san tana da shi ba, tana cewa wata ne ya yi mata latti. Shi ya sa ake so a fara shan maikurogiram 400 kullum tun kafin a ɗauki cikin. Wannan kam in ya wuce ya wuce.

Malam Nahawu:
To kun gani, ashe ba zane ɗaya ba ne, kowane da ranarsa.

Anti Nas:
Sosai Malam, kuma ni tambayata ita ce wace rana ce ma ran ginin? Mutane na ɗauka ranar da mace ta fara zuwa awo ce. Jaririya mace da ƙwayayen haihuwarta ake haifarta, tun tana cikin uwarta suke samuwa, kenan ƙwan da ya zama 'yar Maman Biyu a cikin kakarta ya fara zama. Yarinyar da ta tsumbure tana ƙarama ta tashi gajera da matsattsen ƙugu, ranar da ta zo haihuwa ita ce ke cikin haɗarin doguwar naƙuda, ita ce kuma ta fi yiwuwar haifar ƙaramin jariri. Mu a asibiti muna karɓarta wata 9 kawai, abin da ya faru shekara 20 baya ba ma iya goge shi da ƙwayar ƙarin jini.

Maman Biyu:
Anti kenan in koma in tuhumi Mama 😅

Uwargida:
Haba dai, ita ma wa za ta tuhuma? Wannan ne ma ya sa ban son karin maganar a wannan wajen, kullum uwa ake nunawa da ita kamar ita kaɗai ce maginiya, alhali wadda ta tashi a gidan duka da zagi, ko take zaune da miji kullum cikin fargaba, ko ba a barta ta huta tsakanin haihuwa da haihuwa ba, ba ita ta zaɓi lakar ba. Ni na tashi ina jin ƙarar faɗa ta bayan ƙofa kowane dare, har yau in aka buga murfin tukunya da ƙarfi sai gabana ya faɗi, cikina na fari kuwa barci sai dai ɓarawo, jinina ya hau har aka kwantar da ni.

Ɗan Boko:
Allah sarki Hajiya, Allah Ya ƙara lafiya. An yi bincike a kan irin wannan a Amurka tsakanin 1995 da 1997, mutum sama da 17,000, aka tambaye su wahalhalun yarinta kamar duka, sakaci, ganin ana dukan uwa, aka ga iya yawansu iya ƙaruwar haɗarin ciwon zuciya da ciwon damuwa a girma.

Uwargida:
Amin. Amma ka ga ni ba tukunya ba ce, na samu wanda ya saurare ni, na samu kulawa, cikina na biyu ko kusa bai yi kama da na farko ba. Ni da "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi" aka ce ma da na fi yarda, ko ba komai icce yana da rai, in aka sare reshe yana tohowa.

Malam Nahawu:
Hajiya wannan ai ta tarbiyya ce, kuma in kin duba ita ma cewa take in ya bushe sai karyewa, ba ta fi waccan sauƙi ba. Sai dai hujjarki ta rai ta kama ni, tukunya ba ta girma.

Ɗan Boko:
Marayun Romaniya sun ba kowannenku gaskiya. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a 1989 iyalai a Ingila suka ɗauki wasu daga gidajen marayu, waɗanda aka ɗauka kafin su cika wata 6 kusan duk suka kamo tsaransu, waɗanda suka daɗe a can da yawansu matsalar halayya da mu'amala da mutane ta bi su har girma, amma ko a cikinsu akwai waɗanda suka tashi lafiya.

Anti Nas:
Kuma kar a manta cikin ma yana barin zane a jikin uwar. Wadda ta yi hawan jinin ciki ko sugan ciki, ko ya sauka bayan haihuwa, ta riƙa zuwa ana dubawa, don haɗarin ya dawo mata nan gaba ya fi na sauran mata. Hajiya da ke nake.

Uwargida:
Na ji Anti, rabona da awon jini tun yaye, zan je.

Maman Biyu:
Na gode muku wlh na ɗan ji sanyi. Anti zan turo miki hoton katin awon nata ki duba min layin, sun ce mu koma wata mai zuwa. Bari in je, ga ta can ta kama wayar caja tana ja.