Abin da masu kiwon tarwaɗa a Gombe suka tattauna kan hunturu

A zaman da muka yi da masu tafkunan kifi na wajen Dadin Kowa, maganar sanyi ce ta cinye lokacin. Tarwaɗa tana son ruwa mai ɗumi, kamar digiri 26 zuwa 30. Da hunturun Disamba ya kankama sai ta rage ci, garkuwar jikinta ta yi rauni, ƙananan ƙwayoyin da ke maƙale wa fata su samu ƙofa. Alamar farko, kifi ya riƙa goga jikinsa a bango.

Kowa ya yarda a rage abinci, domin ragowarsa ke ruɓewa ta lalata ruwa. A ciyar da rana ta ɗaga, ba da sassafe ba. Sababbin 'ya'yan kifi kuma a ware su tukuna.

Wankan gishiri, wato sa kifi a ruwan gishiri don maganin ƙwayoyin fata, shi ne ya jawo musu, kan yawan da za a zuba. Ni dai ina bayan masu cewa a tambayi likitan dabbobi, a kuma daina antaya antibayotik, tunda ba ya kashe irin waɗannan ƙwayoyin.

Wani malami ya ce a tekun ƙasar Nowe da ke Turai akasin namu ne: kwarkwatar kifin salmon da ɗumin ruwa take yaɗuwa.