Muhawara: kuɗinka ne, amma sai ka biya kafin ka taɓa shi

Malam Garba, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan la'asar na je kasuwar Sabon Gari sayen buhun masara, na tura wa mai hatsi kuɗinsa ta waya, banki ya cire daga asusuna nan take, amma shi alat bai shigo masa ba. Muka tsaya ni da shi muna zuba wa wayarsa ido har aka kira magariba, ya ce ba zai saki buhu ba sai ya gani a ƙasa, kuma ban ga laifinsa ba. Na juya wajen mai POS don in ciro tsaba, ya yanka mini cajin da ya ga dama. A ce mutum sai ya biya kuɗi kafin ya taɓa kuɗin guminsa, wannan ai fashi ne da rana tsaka. Abin da ya fi damuna shi ne ana raba mu da takardar kuɗi sannu a hankali, alhali tsohuwar da ke sayar da daddawa a bakin kasuwa, da mai ga-ruwa, da almajirin da ake miƙa wa sadaka, babu mai asusun banki a cikinsu. Ranar da tsaba ta ɓace, ina za su sa kansu?

Aminu mai POS, Samaru:
Baba Garba, da girmanka, amma kalmar fashi ta yi mana nauyi. Shekara huɗu ke nan ina wannan sana'a a ƙarƙashin lema, kuma kuɗin da nake ba ku ba daga sama suke faɗowa ba. Sau da yawa banki ba ya ba mu abin da muke nema, sai mun bi gidajen mai da manyan 'yan kasuwa mun sayi tsabar da ɗan ƙari. Ga kuɗin data, ga kason kamfanin da ya ba mu na'ura, ga masu zuwa da alat na bogi. Idan ana neman wanda ɗan fashi ke bi, ai mu ne.

Hajiya Rabi, Kofar Doka:
Aminu ɗana, kada ka sa mu tuna abin da muka bar wa Allah. A watan Fabrairun 2023, lokacin ƙarancin tsabar kuɗi, da hannuna na ba mai POS naira dubu biyu don a ba ni dubu goma, ranar da jikata ke kwance da zazzaɓi, mai magani kuma ya ce babu sabis. Wanda ya karɓi wannan kuɗin ya san halin da nake ciki, domin a gabansa na yi hawaye. Idan wannan ba fashi ba ne, a faɗa mini sunansa.

Malam Sani, Kongo:
Hajiya, Allah ya ƙara wa jikarki lafiya, sai dai ya kamata a ajiye kowace kalma a mazauninta. Fashi a Hausa shi ne a tare mutum da makami a raba shi da abinsa da ƙarfin tsiya, shi kuwa mai POS da ƙafarki kika je wurinsa. Abin da ya yi sunansa tsawwalawa, kuma laifi ne, amma ba a yanke wa mai tsawwalawa hukuncin ɗan fashi.

Hajiya Rabi:
Malam, da ƙafata na je, gaskiya ne, amma wanda larura ta kora ba a ce masa ya zo da son ransa. Ku 'yan boko ba ku bi layin ATM tun asuba kamar mu ba.

Malam Sani:
Na bi, Hajiya, har sau uku na dawo gida hannu rabbana. Magana ce ta ma'anar kalma, ba ta boko ba.

Ustaz Bello, Limanci:
Ni a wurina akwai abin da ya fi fashi hatsari da ba ku duba ba. Naira ce ake bayarwa a karɓi naira da ƙari a kai, kuma duk wanda ya yi karatun Risala ya san yadda shari'a ta tsananta a kan musayar kuɗi da irinsa. A fara tambaya ko cajin nan bai shiga kuɗin ruwa ba.

Aminu mai POS:
Allah ya gafarta Malam, yanzu kuma daga 'yan fashi mun koma masu cin kuɗin ruwa? Ladan aiki nake karɓa, kamar yadda mai ɗaukar kaya ke karɓa, kuma na tambayi malaminmu kafin in fara.

Alhaji Tanko, Sabon Gari:
Ku bar yaron nan ya sarara, ku kama mai laifi. A watan Oktoban 2022 ne Godwin Emefiele, gwamnan Babban Bankin Najeriya a zamanin Buhari, ya sanar da sauya takardun naira 200, 500 da 1,000, aka sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, aka kwashe tsofaffin kuɗi ba a saki sababbi yadda za su isa ba. Da gwamnatin Kaduna ba ta haɗu da Kogi da Zamfara sun tafi Kotun Ƙoli ba, har aka yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardu su ci gaba da yawo, da Allah kaɗai ya san inda muke. El-Rufa'i, gwamnan Kaduna na lokacin, ya tsaya wa talaka a wannan rana, ko ana so ko ba a so.

Yakubu, Kwangila:
Alhaji, talaka ko zaɓe? Saura makonni a kaɗa ƙuri'a gwamnoni suka tuna da talaka. Sannan a daina jingina wa Buhari komai, domin tsarin rage amfani da tsabar kuɗi tun 2012 aka fara gwada shi a Legas, lokacin Sanusi Lamido Sanusi yana Babban Banki.

Alhaji Tanko:
Wancan bai hana kowa cin abinci ba. Kai dai an san inda ka dangwala.

Malam Garba:
'Yan uwa, na janye kalmar fashi idan ita ce ta hana a ji ni. Tambayata a kan mai daddawa ce.

Alhaji Musa, mai kula da zaure:
To, bari in taƙaita mu rufe. A matsayina na wanda ya yi shekara ashirin yana aikin banki, abin da na fahimta shi ne mafi yawanmu mun yarda kalmar fashi ba ta dace ba, kuma shi kansa mai maganar ya janye. Abin da ya faru a 2023 kuskuren aiwatarwa ne, ya kuma wuce. Tura kuɗi ta waya ya rage wa 'yan kasuwarmu fargabar ɗaukar jakar kuɗi a hanyar Kano da Kaduna, don haka babu mai son komawa baya, sai dai a gyara sabis a kuma wayar wa mutanenmu kai su buɗe asusu. Batun kuɗin ruwa a bar wa malamai.

Hajiya Rabi:
Alhaji, ban san wa ka ƙirga a cikin mafi yawan nan ba, amma ni ban janye komai ba.

Malam Garba:
Har yanzu kuɗina bai dawo ba, mai hatsi ma bai ga alat ba. Gobe da safe zan tafi banki in cike takardar ƙorafi, masarar kuma yau ranta muka yi a maƙwabta.