Gaɓa nawa ke cikin "automatically", kuma ina ake danna murya?

Sani mai gyaran salula:
Assalamu alaikum. Ina gyaran salula kusa da babbar kasuwar Maraɗi, kuma yawancin bidiyon gyara da nake kallo a YouTube da Ingilishi suke. Kalmar "automatically" ta hana ni sakat. A rubuce gaɓa 6 nake ƙirgawa: au-to-mat-i-cal-ly. Amma in Baturen ya faɗe ta, 5 nake ji. Ni lakwal ta Faransanci na yi, ƙarshen kalma nake ja kamar a "automatiquement". Ku taimaka.

Mushe Iliya:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kunnenka lafiya lau yake, 5 ɗin ne. Kalmomin da ke ƙarewa da -ically, ana rubuta "a" ɗin amma baki ba ya furta shi: o-to-MA-tik-li. Haka "basically", gaɓa 3 kawai, BEI-sik-li.

Wajen dannawa kuwa, cire wutsiyar tukuna ka koma "automatic". In kalma ta ƙare da -ic, galibi nauyin yana kan gaɓar da ke zuwa kafin -ic ɗin, wato MA. Ƙara -ally ba ya gusar da shi. Gaɓar farko tana ɗan samun ƙarfi, sauran a gurguje ake wuce su. Nan ne ɗalibaina na kolej ke shan wuya, don Faransanci ya saba musu da ba kowace gaɓa haƙƙinta, sannan su ɗaga ta ƙarshe. In kana da ƙamus, duba ɗan ƙaramin layi a tsaye daga sama, gaɓar da ke biye da shi ita ake dannawa.

Alhaji Rabe ɗan Kano-Maraɗi:
Mushe, a yi haƙuri. Daga Jibiya har Kano "otomatikali" nake ji, gaɓa 6 cif, kuma ciniki bai taɓa tsayawa ba.

Hajiya Ramatu:
Alhaji, a kasuwa kam za a gane shi. Amma Sani saurare yake yi. In kunnensa na jiran "kali" alhali "kli" aka ce, kafin ya ankara mai bidiyon ya riga ya ɓalle batir.

Mushe, kada dai ya ɗauka -ly ba ya taɓa motsa nauyi. "Necessary" a farko ake danna ta, NE, amma a "necessarily" mutane da yawa, musamman Amurkawa, suna mai da shi gaɓa ta 3.

Sani mai gyaran salula:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To ke nan "technically" ma TEK-nik-li ce, gaɓa 3?

Mushe Iliya:
Ita ce. Rage saurin bidiyon zuwa 0.75 ka saurara da kyau.