Me za mu kira wanda ya ƙi ɗaukar bindiga saboda imaninsa?

Jama'a, ina neman kalma. Turawa na cewa "conscientious objector", wato mutumin da gwamnati ta kira aikin soja ya ce imaninsa bai yarda ba. Har yau ban ji sunan Hausa da ya zauna masa daidai ba.

Wanda kowa ya sani shi ne Muhammad Ali. A Afrilun 1967, a birnin Houston, aka kira sunansa don shiga sojan Amurka lokacin yaƙin Biyetnam, ya ƙi matsawa gaba. Aka ƙwace kambunsa na dambe, kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 5, sai a 1971 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin.

Wani ya rubuto mini: "matsoraci kawai". Haba malam! Wanda ya tari Sonny Liston a fagen dambe? Wani kuma ya ce "ɗan tawaye", amma ɗan tawaye makami yake ɗauka, wannan ajiye shi yake yi.

Wani malami ya kawo "masu zama baya", yana tuna mana yaƙin Tabuka. Allah ya ƙara ilimi, malam, sai dai a Suratut Tauba zargi ne ya biyo waɗannan. Idan misali daga tarihinmu ake so, Sa'adu bn Abi Waƙƙas da Abdullahi bn Umar sun fi kusa, su da suka janye hannu lokacin fitina tsakanin Musulmi. Babu mai kiran Sa'adu rago, shi da ya jagoranci rundunar Musulmi a yaƙin Ƙadisiyya.

Na so in ce "mai ƙin yaƙi", sai Desmond Doss ya ɓata mini lissafi. Kirista ne ɗan cocin Adventist, ya je fagen daga a tsibirin Okinawa na Japan a 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a matsayin ma'aikacin jinya na sojan Amurka, ya kwaso raunata da dama daga bakin wuta, amma bai yarda ya riƙe bindiga ba. Yaƙi kam ya je. Kisa ne ya ƙi.

"Lamiri", wato "conscience" ɗin Turawa, ma ta zo mini, sai na tuna ɗaliban Hausa za su ɗauka nahawu ake yi.

To, tunda muna da "maƙi-gudu" a kirari, ni na tsaya kan maƙi-makami. Inda ake buƙatar bayani a ƙara "don aƙida". Jam'insa "maƙiya makami", kuma a nan ne kunnena bai gama yarda ba, don yana iya zama kamar abokan gaban makami ake nufi. Masu Hausar Sakkwato da Damagaram, ya kuka ji shi a bakinku?